Sabo Turken Wawa Ne? Tarihin Wani Canji a Teburin Akawu

A shekarar 2007 kamfanin Microsoft ya fito da sabon Office, ya rushe jerin umarnin da ma'aikata suka saba da shi, ya shimfiɗa wani faffaɗan ziri a saman shafi wanda ya kira Ribbon. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce. Word na 2003 yana da umarni fiye da 1,500, sun ɓuya jeri cikin jeri, har mutane kan roƙi a ƙara musu abin da tuni yana ciki.

Abin lura shi ne, ƙwararru ne suka fi kuka, gama gwanintarsu a hannu take, watau yatsa ya san inda kowane umarni yake tun ido bai duba ba. Ba a bar musu hanyar komawa tsohon tsari ba, sai da waɗansu suka ƙera ƙananan manhajoji kamar UBitMenu don mayar da shi. A 2010 kamfanin ya sassauta, ya kau da kewayayyen maɓallin da ya rikita mutane, ya dawo da kalmar File, ya kuma yarda kowa ya gyara zirin yadda ya so.

Wanda ya san tarihin ƙasar Sakkwato ba zai yi mamakin wannan kuka ba, don an taɓa yin irinsa a kan haruffa. Boɗinga, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, da Sifawa kusa da ita, inda Shehu ya zauna, wuraren alƙalami ne, da Larabci da ajami. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, gwamnati ta zaɓi boko don rubuta Hausa, Hanns Vischer kuma ya tsara ƙa'idodinsa a 1912. Malamin da ya tsufa yana rubutu daga dama sai ya zama baƙo a ofis, yaran makaranta suka shiga gabansa. Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, cikin irin yaran nan yake: ya yi karatun allo, sa'an nan ya shiga elementare a Yabo a 1931. Ajami dai bai mutu ba, shi ya sa da aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007 aka yi ta ƙorafi a Arewa.

Ashe sabo ba kullum ne turken wawa ba. Sau da yawa jari ne da mutum ya tara da shekaru, canji ya karya darajarsa dare ɗaya, girmansa a ofis ya bi. Saboda haka ya kamata malaman kwalejin horo su koya wa ɗalibi sunan umarni da ma'anarsa kafin mazauninsa a shafi. Mazauni yakan canja in kamfani ya ga dama, amma wanda ya riƙe ma'ana zai nemo shi duk inda aka kai shi.