Tarihin kalmar "OK" da abin da ya sa muke jan hankalin 'yan uwa a kanta



Duk wanda ya zauna a nan Kudu, ko bai taɓa shiga aji ba, ya san kalmar "OK". Mai kayan gwari yana faɗinta, direban tirela yana faɗinta, haka ma yaron da ke tura baro. Da ita muke rufe magana da Yarabawa da Ibo idan yare bai haɗu ba. Mun ga ya dace mu kawo tarihinta, domin a cikinsa akwai darasin da ya shafi aljihunmu.

Wanda ya fi kowa bin diddigin kalmar shi ne Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Kolambiya da ke Amurka, wanda ya wallafa bincikensa a 1963 da 1964. Ya tono tsofaffin jaridu, ya gano cewa a wajajen 1838 'yan jaridar birnin Boston sun shiga yayin taƙaita magana zuwa haruffa, har suna ɓata rubutun da gangan don raha, kamar yadda yaranmu ke yi a waya yau. A ranar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga "o.k." da ma'anar "all correct", wato komai daidai. Abin dariyar shi ne, da A da C waɗannan kalmomi biyu suke farawa. Marubucin ya yi kamar wanda bai iya rubutu ba, mai rubuta su "oll korrect".

Sauran irin waɗannan haruffa duk sun mutu da yayinsu. Siyasa ce ta ceci OK. A 1840 Shugaba Martin Van Buren yana neman tazarce. Shi ɗan garin Kinderhook ne a jihar New York, ana yi masa laƙabi da "Old Kinderhook". Magoya bayansa suka ga haruffan sun yi daidai da laƙabin, suka kafa ƙungiyar yaƙin neman zaɓe mai suna OK Club. 'Yan hamayya su ma suka ɗauki kalmar suna yi musu ba'a da ita. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, amma kafin a gama zaɓen kalmar ta riga ta zagaye ƙasar.

Daga nan sai ta shiga hannun ma'aikatan wayar tangarahu da na jirgin ƙasa. Su gajeren abu suke so, don haka idan saƙo ya iso sai su buga OK. A nan ne kalmar ta sami fuska biyu. Ta farko, "komai daidai, na amince". Ta biyu, "saƙonka ya iso". Har yau da fuskokin nan biyu take yawo.

Akwai masu cewa asalinta daga "okeh" ne na yaren Choctaw, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, kuma haka Shugaba Woodrow Wilson yake rubuta ta. Wasu sun danganta ta da yaren Wolof na Senegal, ta hanyar bayin da aka kwasa. Amma yawancin masu rubuta ƙamus sun fi karkata ga bayanin Read, saboda shi ne mai shaidar rubutu da kwanan wata.

To, ina ruwanmu? Mu ma muna da kalma mai irin wannan hali, wato "to". Idan babba ya yi magana ka ce "to", ladabi ka yi, ba lallai ka yarda ba. Bahaushe ɗan'uwanka ya san bambancin daga muryarka. Matsalar ita ce mun ɗauki wannan ɗabi'a mun ɗora wa OK, alhali abokin cinikin da ba yarenmu ɗaya ba yana ɗaukarta a matsayin an sallama.

A zaman sulhun da muke yi, irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mai saye ya turo saƙo ta WhatsApp: buhun albasa kaza, a kan farashi kaza, biya bayan mako biyu. Ɗan'uwanmu yana tsakiyar sauke kaya, ya rubuta OK, nufinsa "na gani, za mu yi magana". Kafin kwana uku farashi ya tashi, ya ce shi bai sayar ba. Mai saye ya fito da waya a gaban dattawa. Rubutu ba shi da murya, babu yadda za a gane wace "to" ce aka yi nufi.

Kada mu ɗauka abin ya tsaya ga dattawan kasuwa. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta ba kotunan Najeriya damar karɓar shaidar da ta fito daga na'ura idan an cika sharuɗɗa. A ƙasar Kanada kuwa, a 2023, wata kotu a lardin Saskatchewan ta yanke cewa alamar ɗaga babban yatsa da wani manomi ya tura ta waya amincewa ce da kwangilar sayar da amfanin gona. An umurce shi ya biya diyyar sama da dalar Kanada 82,000. Shi ma cewa ya yi nufinsa kawai ya ga saƙon.

Don haka muna roƙon 'yan uwa abu biyu. Idan gani kawai ka yi, rubuta "na gani, zan kira ka", ko ka yi saƙon murya da yaren da kuka saba. Idan kuma ka amince, kada ka tsaya ga haruffa biyu: faɗi adadin kaya, farashi da ranar biya. Wanda ɗansa ko yaron shagonsa ke amsa masa saƙo, ya zaunar da shi ya yi masa wannan bayani.

Allah Ya yi wa kasuwarmu albarka, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.

Sakataren ƙungiya