Tabennisi: Yadda Pakomiyus Ya Tara 'Yan Zuhudu Cikin Katanga Ɗaya

Wajen shekara ta 312 jami'an daular Rumawa suka shiga ƙauyukan kudancin Misira suna kamun samari. Sarakuna biyu, Maksiminus da Lisiniyus, sun ja daga kan mulkin gabashin daular, yaƙi kuwa da 'ya'yan talakawa ake yin sa. Cikin waɗanda aka cusa a jirgin ruwa aka gangara Kogin Nilu da su har da wani saurayi ɗan kimanin shekara 20 mai suna Pakomiyus, wanda iyayensa masu bautar gumaka ne. Da suka iso Tibis, inda garin Luksor yake a yau, sai aka kulle su don kada su gudu cikin dare. Can sai ga wasu mutanen gari da abinci da ruwan sha, suna raba wa samarin da ba su san su ba, ba su kuma haɗa dangi da su ba. Pakomiyus ya tambaya ko su wane ne waɗannan, aka ce masa Kiristoci ne, kuma haka suke yi wa kowane baƙo da ya shiga ƙunci. A daren nan ya yi wa Allah alkawari cewa in ya kuɓuta, sauran ransa na hidimar mutane ne.

Bai kai ga fagen fama ba. A 313 aka ci Maksiminus da yaƙi, aka sallami sababbin sojojin, shi kuma ya sauka a ƙauyen Sheneset aka yi masa baftisma. Bayan 'yan shekaru yana yi wa mutanen ƙauyen hidima, ya tafi almajiranci wurin wani tsoho mai zaman kaɗaici, Palamon. Tsohon bai ɓoye masa komai ba: gurasa da gishiri ne abincinsu, babu mai, babu ruwan inabi, rabin dare kuma a tsaye ake yin sa ana addu'a. In barci ya kama su, sai su fita su dinga jidar yashi a kwando daga nan zuwa can har idonsu ya washe. Shekara bakwai ya yi a haka.

Irin wannan zama ba sabon abu ba ne a Misira ta lokacin. Waliyyi Antoni, wanda aka haifa wajen 251, ya daɗe da shiga hamada, sunansa ya karaɗe ƙasar, ɗaruruwa sun bi sawunsa. Sai dai kowa a kogonsa yake ko bukkarsa, shi ke yanka wa kansa azuminsa da tsayuwarsa. Wasu sun kai ga tsarkin zuciya, wasu kuma gasar wahalar da kai ta jefa su cikin girman kai ko taɓuwar hankali, ba mai kwaɓar su. A nan ne Pakomiyus, wanda Kibɗawan Misira suke kira Anba Bakhum, ya rabu da magabatansa. A zuhudu bai fi su ba. Abin da ya kawo shi ne tsari: katanga ɗaya, ƙofa ɗaya, tukunya ɗaya, asusu ɗaya, da rubutacciyar doka wadda ta hau kan shugaba kamar yadda ta hau kan sabon shiga.

Wajen 323 ya je neman itace a wani kufai mai suna Tabennisi, a gabar Nilu kusa da Dandara. Almajiransa da suka rubuta tarihinsa sun ce a can ya ji murya tana umartar sa ya zauna ya gina gida, domin mutane da yawa za su zo. Yayansa Yohanna ne ya fara zuwa, suka kuwa saɓa tun kan girman katangar: Pakomiyus yana faɗaɗawa saboda masu zuwa, Yohanna yana ganin fankama ce.

Gwajin farko ya rushe, kuma abin burgewa ne yadda wani tsohon rubutun Kibɗanci bai rufa wa waliyyin asiri a kan haka ba. Mutanen da suka fara taruwa, kowa yana riƙe da abin hannunsa, sai dai ya ba da wani kaso don abinci. Pakomiyus ya mai da kansa baransu. Shi ne dahuwa, shi ne kai musu abinci gona a kan jaki, yana zaton tawali'unsa zai koya musu tawali'u. Su kuwa suka ga banza ta faɗi. Suna yi masa ba'a, in ya kira su addu'a su ƙi zuwa, wata rana ma suka hau jakin suna wasa suka bar shi ya ɗauko tukwane a ka. Ya yi ta haƙuri shekara da shekaru. Daga ƙarshe ya kafa musu sharuɗɗa, suka yi watsi da su, sai ya zaro sakatar ƙofa ya kore su ɗaya bayan ɗaya. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Daga ranar ya gane cewa kyakkyawan misali kaɗai ba ya riƙe jama'a. Waɗanda suka zo daga baya, irin su Pesentaisi da Surus da Peshoi, da sharaɗi suka shiga: ka bar duk abin da ka mallaka a waje, ka yi biyayya.

Mai son shiga yakan yi kwanaki a bakin ƙofa, mai tsaron ƙofa yana koya masa addu'a da wasu surorin Zabura, ana kuma bincikawa ko bawa ne da ya gudu, ko mai laifi da ke neman mafaka. In an karɓe shi, a tuɓe masa tufafinsa a sa masa na gida: riga marar hannu ta lilin, ɗamara, fatar akuya a kafaɗa, da hula mai rufe kai wadda take ɗauke da alamar gidansa. Dokar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta karatu. Yawancin masu zuwa manoma ne da ba su taɓa riƙe alƙalami ba, amma doka ta ce ba wanda zai zauna cikin katangar bai iya karatu ba. Sau uku a rana jahili zai je gaban wanda ya iya, ya tsaya a koya masa baƙaƙe, ko yana so ko ba ya so.

A cikin katangar an kasa mutane gida-gida, kowane gida da maigidansa da mataimaki, galibi kuma 'yan sana'a ɗaya ne suke zama tare. Akwai masu saƙar tabarma da kwando, akwai masu gasa gurasa, akwai masu jinya, akwai matuƙa jirgi. Palladiyus, wani bishop da ya zaga gidajen zuhudun Misira a farkon ƙarni na 5, ya ƙirga abin da ya gani a gidansu na Akhmim mai mutum 300: teloli 15, maƙera 7, kafintoci 4, masu raƙuma 12, masu wankin tufafi 15. Ana cin abinci shiru, kowa ya ja hularsa don kada ya ga yawan abin da na kusa da shi yake ci, domin mai ƙara azumi kada ya yi alfahari, mai ci kuma kada ya ji kunya. Laraba da Juma'a azumi ne na kowa. Hana mallaka kuwa ya kai har ga matsefata: mutanen da ke yawo ba takalmi cikin ƙaya, amma ba wanda aka yarda ya riƙe tasa. Tana wurin maigida da mataimakinsa, ana rataye ta a tagar da ake ajiye littattafai.

Firist ma Pakomiyus bai yarda a naɗa a cikinsu ba, don yana ganin muƙami ne mafarin hassada. Daga ƙauye ake gayyato wanda zai yi musu jibi. Lokacin da Atanasiyus, babban bishop na Iskandariya, ya hauro kogi wajen 329, bishop na Dandara ya roƙe shi ya naɗa Pakomiyus firist. Da labari ya kai masa, sai ya saje cikin taron 'yan'uwa har baƙon ya wuce.

Tabennisi ta cika ta batse, aka buɗe gida na biyu a Pebow, ƙauyen da ake kira Faw Kibli yanzu, daga baya shugabanci ya koma can. Wasu gidajen Pakomiyus ne ya gina su, wasu kuma tsofaffin jama'u ne da suka kawo kansu, kamar na Sheneset da na Tmushons. Wani mai suna Petroniyus ya shigo da gidan zuhudunsa na Tebewe, mahaifinsa attajiri kuma ya biyo shi da dabbobi da kayan aiki. Ƙanwar Pakomiyus, Maryamu, ta zo ganin sa ya ƙi fitowa, ya aika mata ta bakin mai tsaron ƙofa cewa ta ji yana raye, in kuma tana son irin wannan zama za a gina mata wuri. Ta yi kuka, ta zauna, ta zama uwar gidan mata na farko. Kafin Pakomiyus ya rasu akwai gidajen maza 9 da na mata 2, daga Akhmim a arewa har kusa da Isna a kudu. Palladiyus ya ce mutanensa sun kai 3,000 tun yana raye. Jerom, wanda daga baya ya fassara dokarsu, ya ambaci 50,000 a taron Ista, amma masana tarihi sun ɗauki wannan a matsayin ƙarin gishiri.

Sau biyu a shekara duk gidajen suke haɗuwa a Pebow. Na farko don Ista, a yi wa sababbi baftisma. Na biyu a watan Mesore, ƙarshen shekarar Misirawa, wajen Agusta: kowane ma'aji ya kawo lissafinsa gaban babban ma'aji, a sauya masu muƙami, a yafe wa juna laifuffukan shekara. Haɗa duba lissafi da yafiya a zama guda dabara ce ta wanda ya san inda rigima take fara tsiro.

Pakomiyus kuwa ya san haɗarin da ke cikin nasararsa. Dubban hannaye masu aiki ba albashi, ba iyali, ba almubazzaranci, dole dukiya ta taru. Labaran da almajirai suka adana sun nuna yadda yake yaƙi da wannan. Wani yaro ya kai masa ƙara cewa wata biyu ba a dafa musu ganye ba. Mai dahuwa ya ce ai 'yan'uwa ba sa ci, asara ake yi, shi ya sa ya mai da lokacinsa ga saƙa, har ya yi tabarma 500. Pakomiyus ya sa aka kwaso su duka aka cinna musu wuta. Hujjarsa ita ce, wanda ya bar abinci alhali yana gabansa shi ne mai lada, wanda aka hana kuwa ba abin da ya bari, ga kuma yara da marasa ƙarfi da aka zalunta don riba. Wani kuma aka aike shi sayar da takalma, ya samo fiye da kuɗin da aka yanka masa, yana jiran yabo, sai aka ce ya mayar da rarar, aka kuma sauke shi daga aikin. Ɗan kasuwa zai ce wauta ce. Ni ina ganin mutumin ya hango abin da ke tafe ne.

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi daɗi ba. A 345 bishop-bishop suka kira shi Isna ya amsa tuhuma kan cewa yana ganin abin da ke zuciyar mutane, taron ya rikice har wani ya zaro masa takobi, 'yan'uwa suka fitar da shi da ƙyar. Ga kuma batun magaji. Tiyodor, ɗan manyan gida daga Isna, shi ne almajirin da ya fi ƙauna. Wata rana da Pakomiyus ya kwanta ciwo, dattawa suka lallashi Tiyodor ya yarda zai gaje shi. Malam ya warke, ya ji, ya tuɓe shi daga kowane muƙami, ya bar shi shekara biyu cikin tuba. A 346 annoba ta shiga gidajen ta kashe fiye da mutum 100, shi ma ta ɗauke shi ranar 9 ga Mayu. Petroniyus ne ya zaɓa ya gaje shi, wanda bai fi 'yan watanni ba shi ma ya bi shi, ragama ta koma hannun Horsiyesi, mutum mai sanyin hali.

Abin da ake gudu bai jima ba. Wajen 350 Apoloniyus, shugaban gidan Tmushons, ya fara tara gonaki da kaya da sunan gidansa kaɗai, da aka tsawata masa sai ya ce ya fita daga tarayyar gidajen, wasu gidajen suka fara karkata gare shi. Horsiyesi ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya janye ya miƙa wa Tiyodor ɗin nan da aka taɓa tuɓewa. Shi ya ɗinke ɓarakar, ya dinga juya shugabannin gidaje daga wannan zuwa wancan don kada wani ya yi saiwa, ya ƙara sababbin gidaje, amma har ya rasu a 368 yana kukan yawan gonaki da jiragen da tarayyar ta mallaka. A 459 aka kammala wata ƙatuwar majami'a a Pebow mai ginshiƙan dutse, irin ginin da mai ƙona tabarmi da wuya ya yi murna da shi.

Rigimar aƙida ce ta ƙarasa tarayyar. Bayan taron bishop-bishop na Kalsidon a 451 Kiristocin Misira suka rabu da fadar Rumawa kan yadda ake bayyana allahntaka da mutuntakar Almasihu. A zamanin sarki Justiniyan, wanda ya yi mulki daga 527 zuwa 565, aka nemi Ibrahim, shugaban Pebow, ya amince da matsayin fada. Ya ƙi, aka tuɓe shi, ya koma Farshut ya kafa wani gida, 'yan'uwa suka watse. Tarayyar ba ta sake haɗuwa ba.

Dokar ce ta yi nisan kwana. A 404 Jerom ya fassara ta zuwa Latinanci a Baitalami, ta haka ta shiga Turai, kuma Waliyyi Benedikt na Italiya ya ɗebi abubuwa daga cikinta sa'ad da yake rubuta tasa dokar a ƙarni na 6, wadda gidajen zuhudu da yawa suke bi har yau. A Faw Kibli, cikin lardin Kina, ginshiƙan majami'ar 459 suna nan zube a gefen ƙauye. Cocin Kibɗawa kuma yana tunawa da Anba Bakhum kowace shekara ranar 14 ga watansu na Bashans.