Baƙi, mata, maza: yadda boko ya haɗe mana kalmomi

1/ A Turanci akwai jam'in da rubutunsa ɗaya amma furuci da ma'ana daban. "Axes" na iya zama gatura, yana kuma iya zama layukan da muke zana giraf a kansu a ajin lissafi nan Wudil. Nasu ya faru ne saboda aron kalma daga Latin. Namu na Hausa kuwa, zama aka yi aka yanke shawara. Ku biyo ni.

2/ Ɗauki "baƙi". In ka ja wasalin farko, jam'in baƙo ne, irin masu cika kara ranar Juma'a. In ba ka ja ba, launi ne. "Maza" ma haka: jam'in namiji, ko kuma "yi maza".

3/ "Mata" ta fi rikici. Matar mutum guda, mata da yawa, da kuma "ya sayo mata". In ka ga kanun labari "An kama mata a kasuwa", sai ka shiga ciki kafin ka san zancen.

4/ A ajami, malamanmu na sa alif, wawu ko ya don nuna dogon wasali. Wato almajiri ba zai rikita baƙin da suka zo da baƙin fenti ba. Karin sauti ne ajami bai kama ba, don haka mata ɗaya da mata goma a can ma rubutunsu ɗaya.

5/ Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, Kano, a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. Tsarin da aka ɗora a kai bai nuna tsawon wasali ba, balle karin sauti.

6/ Ba wai ba su sani ba ne fa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya nuna duka biyun. Amma littattafan makaranta da Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a 1939, sun bar su, tunda Bahaushe na ganewa daga jimla. Ɓ, ɗ da ƙ sun samu lanƙwasa, wasali bai samu komai ba.

7/ Nijar ta gwada ninka wasali bayan taron Bamako na 1966, kamar "baaƙii". Bayan taron Yamai na 1980 aka daidaita da tsarin Najeriya.

8/ Ni dai a ganina, barin karin sauti daidai ne, da rubutu ya cika da ɗige-ɗige. Amma dogon wasali asara muka yi, tunda ajami na da shi. Yanzu ga waya ta cinye lanƙwasar ma: "baki" ya zama na cin abinci, ya zama launi, ya zama mutanen da suka sauka gidanku.