David Thompson: Mutumin da ya zana kogunan Kanada, ya mutu a talauce

Mai karatu, da a fim ka ga labarin nan sai ka ce marubucin ya cika ƙarin gishiri, alhali ya faru da gaske.

An haifi David Thompson a Landan cikin 1770. Maraya ne. Ya na ɗan shekara 14 kamfanin fatu na Hudson's Bay ya ɗauke shi yaron aiki, aka kai shi arewacin Kanada, ƙasar dusar ƙanƙara, koguna da fadamun da ke haɗiye ƙafar mutum. Can babu hanya sai ruwa. Inda kogi ya ƙare sai a ɗauki kwale-kwale a kafaɗa zuwa wani. Ɗan kasuwar da bai san inda ruwa ya nufa ba, ya yi asarar dukiya, wani lokaci har da rai.

A 1788 ya karye a ƙafa. Wannan jinya ce ta zame masa alheri, domin a lokacin ne masanin safiyo Philip Turnor ya koya masa auna matsayin wata da taurari, a yi lissafi a gane daidai inda mutum ya ke tsaye a doron ƙasa. Ka ji sirrin taswirar sa.

Kada ka ɗauka shi kaɗai ya yi aikin. 'Yan asalin ƙasar su ne idon sa. A 1796 wasu samari biyu 'yan ƙabilar Dene su ka raka shi neman hanyar tafkin Athabasca. Kwale-kwalen su ya kife, kusan duk kayan su ruwa ya tafi da su, yunwa ta kusa kashe su. Matar sa Charlotte Small, wadda mahaifiyar ta 'yar ƙabilar Cree ce, ta sha bin sa tafiya da 'ya'yan su.

Ya koma kamfanin North West a 1797. A 1811 ya kai har inda kogin Columbia ya faɗa teku, a 1814 kuma ya kammala babbar taswirar sa. An ƙiyasta ya yi tafiyar kilomita 90,000.

To, ina ladar? Masu buga taswira sun ci moriyar aikin sa ba tare da ambaton sa ba. Ya mutu a 1857 kusa da Montreal, ido ya raunana, aljihu wayam. Bayan wata uku Charlotte ta bi shi. Sai a 1916 Joseph Tyrrell ya buga littafin tafiye-tafiyen sa, duniya ta san wanda ta manta.