Kafin a sayo wa yaro kamara: da me masu hoton Bamako da Yamai suka yi aiki?

A ƴan shekarun nan ɗaukar hoto ta shiga cikin sana'o'in da yaranmu ke ambato idan an tambaye su abin da za su yi bayan lakwal. Bukukuwan aure da suna ba su ƙarewa, kuma kowace amarya tana son hoton da ya fi na waya. Sai yaro ya kawo wa mahaifinsa takarda cike da sunayen kaya: kamara, gilashin gaba guda uku, wanda masu sana'a ke kira objektif, fitilu biyu da lemarsu. Uba ya lissafa jikkunan, ya rasa wanne ne dole, wanne ne kwalliya. Ni malamin lakwal ne, ba mai hoto ba, amma tarihin sana'ar a wannan yanki namu yana da amsar da nake ganin ta ishi uba.

Seydou Keïta kafinta ne a Bamako, yana aiki tare da mahaifinsa. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal ya ba shi ƙaramar kamara ta Kodak Brownie, akwati mai gilashi ɗaya da ba a cirewa. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a gidansu, unguwar Bamako-Kura. Mafi yawan hotunan da aka san shi da su a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana. Labulen da ya fara ratayawa bayan mutane zanen gadonsa ne. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yake ɗaukar mutum, don haka aikin yana ƙarewa kafin ya danna: ya zaunar da mace, ya gyara faɗuwar zaninta, ya karkata kafaɗarta, ya duba inda haske ke sauka bisa kuncinta. Ya ajiye rediyo da agogo da babur ga mai son ya fito kamar ɗan birni. A 1991 an nuna hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. Sai da aka biyo sawu har Bamako aka same shi da fina-finansa a adane. Ya rasu a 2001.

Abin lura shi ne, Keïta bai ƙi fitila don ƙyamar zamani ba. Aikinsa mutum ne a zaune da rana, rana kuma ta wadatar. Malick Sidibé, wanda ya biyo bayansa, aikinsa dabam. Ya sayi kamararsa ta farko a 1956, ita ma Brownie ce, amma mai fulash. Matasan Bamako na lokacin samun ƴancin kai da dare suke rawa, shi kuwa yana bin su daga wannan gida zuwa wancan, ya kwana yana wanke fim, ya liƙa hotuna don masu rawar su zo su zaɓa. Ba fulash, ba wannan aiki. Hotonsa na matasa biyu suna rawa da dare a 1963 ya zagaya duniya, kuma a 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a Venis. A Yamai ma mun yi namu: Philippe Koudjina ya bi gidajen rawa na birnin a shekarun 1960 da 1970, shi ma da fulash a hannu. Kowanensu aikin da ke gabansa ne ya faɗa masa kayan da zai saya.

Batun gilashi kuwa, tun asali rigimarsa rigimar haske ce. Hoton farko da Niépce ya ɗauka a Faransa wajen 1826 sai da farantin ya yi awoyi a rana. A 1840 Petzval ya ƙera gilashi a Biyana mai shigar da haske da yawa, har ya zama mutum zai iya zama a ɗauke shi ba tare da wuyansa ya ƙage ba. Da kamarar Leica ta fito a 1925, gilashin milimita 50 ne a gabanta, kuma Henri Cartier-Bresson ya yi mafi yawan aikinsa da irinsa. Har yau na 50 ɗin, mai buɗewa zuwa 1.8, yana cikin mafi araha a kasuwa, kuma ya fi mai zuƙowa na 18 zuwa 55 da ake haɗowa da kamara gani cikin ɗaki mai duhu. Idan kuɗin gilashi ɗaya ne a hannu, shi zan ce a saya. Ga kuma dalilin da littattafan Turai ba su cika kawowa ba: duk sa'ad da aka cire gilashi aka sa wani, cikin kamara a buɗe yake, kuma kowa ya san ƙurar hunturu a Maraɗi ko Damagaram.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A da, tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak ya riƙa aika wa ɗakunan wanke hoto kati mai hoton Baturiya, a daidaita launi da fatarta. Shekaru da yawa fim mai launi bai iya baƙar fata ba. Kamarorin yau sun fi, amma har yanzu idan ango ya sa farar shadda, na'ura kan auna farin rigar ta rage haske, fuska ta nutse. Fulash da aka harba kai tsaye kuma sai ya sa goshi ƙyalli. Maganin ba sabuwar fitila ba ce. A kai mutum inuwar zaure ko gindin bango da hantsi ko bayan la'asar, wani ya riƙe farin ƙyalle ko kwali a gefe ya mayar da haske bisa fuskar. Da dare a juya kan fulash zuwa rufi ko farin bango, hasken ya dawo da laushi. Saboda haka fulash ɗin da ya cancanci kuɗi shi ne mai kan da ke juyawa.

Manyan fitilun ɗaki da lemarsu su jira tukuna. Suna son wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗakin haya, da masu zuwa kullum. Ga uban da ke riƙe da waccan takarda, zan ce ya soke komai ban da kamara, ko da ta hannu ce, da gilashin 50, da batir na biyu, da katin ajiya biyu. Fulash ya biyo baya ranar da aka fara kiran yaron bikin dare. Kafin nan ya sa shi ya ɗauki kakarsa a tsakar gida sau uku, da safe da azahar da marece, su zauna tare su duba bambancin.