Ina gaɓar ruwan Haɗeja take?

Manomin Malam Madori ya san inda ruwa ya tsaya, domin ƙafarsa ce ke gaya masa. Ita kuwa kwamfuta sai da aka shafe shekaru ana koya mata.

Lokacin da Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kowane ɗigo a hotonsa yana wakiltar fili mai faɗin kusan mita 80. Bayan shekara biyu aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, sannan ta Challawa a 1992, malalar da ke ciyar da fadamun Haɗeja zuwa Nguru ta ragu. Mai son auna raguwar kuwa dole ya shata layi tsakanin ruwa da tudu.

A wajen kwamfuta, gefe shi ne wurin da haske ya sauya farat ɗaya. Hanyar da Lawrence Roberts ya fito da ita a 1963, da ta Irwin Sobel a 1968, duk suna kwatanta kowane ɗigo da maƙwabtansa ne. Sai dai dabbare-dabbaren da na'ura ke zubawa a hoto su ma sauyin haske ne, kwamfuta kuma takan ɗauke su a matsayin gaɓa.

John Canny ne ya daidaita al'amarin a 1986. A fara lailaye hoton, a nemo inda sauyin ya fi tsanani, sannan a kafa ma'auni biyu: a karɓi layi mai ƙarfi kai tsaye, mai rauni kuwa sai in yana manne da mai ƙarfi. Lailayewar tana da tsadarta, domin in ta yi yawa gaɓar takan goce daga inda take, ƙananan rafuffuka su ɓace.

Fadamar Haɗeja ba ta sauƙaƙa wa kowa ba. A watan Agusta, lokacin da aka fi buƙatar hoton, gajimare ne ke rufe sama. Tauraron Sentinel-1 na Turai, wanda aka harba a 2014, yana ratsa gajimare da rada, amma hotonsa cike yake da ɗige-ɗige. Ga kuma kachalla: ruwan sarari baƙi yake fitowa a rada, wanda ke ƙarƙashin ciyawar kuwa yakan fito da haske tamkar tudu. Ta haka ruwa zai iya kwanciya cikin gonar shinkafa, taswirar ambaliya ta nuna ta a busasshen wuri.