Mutanen da Suka Haɗa Fim ɗin The Karate Kid

Fim ɗin The Karate Kid, wanda kamfanin Columbia Pictures ya saki a Amurka ranar 22 ga Yuni, 1984, yana cikin jerin finafinan da ke bin matashi tun daga ƙuruciya har zuwa lokacin da ya mallaki hankalin kansa, kuma tsanin da aka ɗora labarin a kai shi ne karate, wato dabarun faɗa da hannu da ƙafa ba tare da makami ba, waɗanda suka samo asali a tsibirin Okinawa kafin su bazu a sauran Japan. Labarin na Daniel LaRusso ne, maraya da ya tashi tare da mahaifiyarsa daga Newark zuwa unguwar Reseda a Los Anjalas, inda wasu samari 'yan makarantar karate ta Cobra Kai suka sa shi a gaba da cin zali, har wani dattijo mai gyare-gyare a gidan hayar da suke zaune, Miyagi, ya ɗauke shi almajiri. An kashe kimanin dala miliyan 8 wajen shirya fim ɗin, ya kuma dawo da fiye da dala miliyan 90 a Amurka kaɗai. Abin da ya raya shi shekaru arba'in bai tsaya ga faɗan da ke ciki ba, domin akwai finafinan da suka fi shi iya faɗa nesa ba kusa ba. Ƙarfinsa yana cikin zaman malami da almajiri, kuma wannan zama ya fito ne daga rayuwar mutanen da suka yi aikin.

Marubucin labarin, Robert Mark Kamen, yana ɗan shekara 17 wasu gungun samari suka yi masa dukan kawo wuƙa a wajen babban baje kolin duniya da aka yi a Niyok a 1964, abin da ya sa ya nemi koyon kare kai. Malaminsa na farko yana koyar da karate a matsayin makamin ramuwar gayya, wanda bai kwanta masa a rai ba, sai ya koma wurin wani malami da Turancinsa bai taka kara ya karya ba, mai koyar da salon Goju-ryu na Okinawa, salon da ke gwama ƙarfi da taushi, wanda Chojun Miyagi, da ya rasu a 1953, ya kafa. Daga waɗannan malamai biyu aka sami John Kreese, malamin Cobra Kai mai horar da yara kan rashin tausayi, da kuma dattijon da Kamen ya laƙaba wa sunan Miyagi don girmama wanda ya kafa salon. Furodusa Jerry Weintraub, wanda ya yi suna wajen shirya wa mawaƙa irin su Elvis Presley da Frank Sinatra wasanni, ya riga ya sayi haƙƙin wani labari na yaron da ya koyi karate don tsira daga masu cin zalinsa, sai aka haɗa wannan da tarihin Kamen. Ragamar bayar da umarni kuwa aka damƙa ta ga John G. Avildsen, daraktan da ya ci lambar yabo ta Oscar da fim ɗin Rocky na 1976, kuma da shi ya zo da mawaƙin wancan fim, Bill Conti.

Zaɓen wanda zai fito a matsayin Miyagi shi ne ya fi kowane mataki jawo gardama. An fara ambaton Toshiro Mifune, shahararren jarumin Japan da ya fito a finafinan Akira Kurosawa, sai dai tsare gida da kwarjininsa sun fi dacewa da mayaƙi, ba da dattijon da ke yanke rassan ƙananan bishiyoyi a ɗakinsa ba. Avildsen ya karkata ga Noriyuki Morita, wanda aka fi sani da Pat Morita, amma Weintraub ya yi tsalle ya dire cewa ba zai ba ɗan barkwanci wannan matsayi ba, domin Amurkawa sun san Morita ne da ban dariya a wuraren shaƙatawa da kuma shirin talabijin na Happy Days. Sai da aka gwada shi har sau biyar, ya tara gemu, ya kwaikwayi irin maganar wani kawunsa, kafin furodusan ya sauko.

Rayuwar Morita ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. An haife shi a garin Isleton na jihar Kalifoniya a 1932, iyayensa baƙi ne daga Japan, kuma yana ɗan shekara 2 tarin fuka ya kama ƙashin bayansa, ya shafe kusan shekara 9 a asibitoci, yawanci a kwance cikin ɗauri. Lokacin da ya warke yana ɗan shekara 11, Amurka tana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tun a Fabrairun 1942 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu kan umarnin da ya kai ga tsare mutane kimanin 120,000 masu asalin Japan a sansanoni, alhali mafi yawansu haifaffun Amurka ne. Daga gadon asibiti aka wuce da yaron kai tsaye zuwa sansanin Gila River a jihar Arizona, inda iyayensa suke, daga baya aka mayar da su sansanin Tule Lake. Bayan yaƙi iyalin suka buɗe gidan abinci a Sacramento, shi kuma ya yi aiki a kamfanin Aerojet mai ƙera injinan roka, kafin ya ajiye aikin yana wajen shekara 30 ya rungumi barkwanci.

Wannan tarihi shi ya ba wata fitowa guda nauyin da ya wuce na sauran fim ɗin. Daniel ya tarar da malaminsa a buge, sanye da tsohon kakin soja, yana juyayin matarsa da ɗansa da suka rasu wajen haihuwa a sansanin Manzanar, a daidai lokacin da shi yake fagen fama a Turai cikin runduna ta 442, wadda aka haɗa da sojoji masu asalin Japan, ta kuma zama rundunar da ta fi samun lambobin yabo a tarihin sojan Amurka in aka yi la'akari da girmanta da tsawon aikinta. Manyan kamfanin sun so a cire fitowar saboda a ganinsu tana rage wa labari gudu, Avildsen ya kafe, kuma gaskiya tana wajensa: ba don ita ba, da Miyagi ya tsaya a matsayin baƙon dattijo mai hikima da karyayyen Turanci, irin hoton da Hollywood ta daɗe tana yi wa mutanen Asiya. Wannan zargi bai gushe gaba ɗaya ba, domin Morita Ba'amurke ne mai Turanci garau da aka sa ya karya harshe, sai dai fitowar ta kai maganar sansanonin gaban miliyoyin matasa shekara 4 kafin gwamnatin Amurka ta nemi gafara a hukumance a 1988. An sa sunan Morita cikin masu takarar Oscar a 1985, lambar ta tafi ga Haing S. Ngor, likita ɗan Kambodiya wanda shi ma ya tsira daga sansanonin Khmer Rouge.

Morita bai iya karate ba, haka ma Ralph Macchio, wanda ya fito a matsayin Daniel. Faɗan da ake gani Miyagi yana yi aikin Fumio Demura ne, gwani ɗan asalin Yokohama da ya ci gasar Japan a 1961, ya koma Kalifoniya a 1965 ya buɗe makaranta, shi ne kuma ke tsayawa a madadin jarumin duk inda ake buƙatar naushi ko hauri. Tsayuwar nan ta ƙafa ɗaya a kan kututture a bakin teku, wadda ta zama tambarin fim ɗin, Darryl Vidal ne ya yi ta cikin kayan Miyagi, kuma shi ya tsara bugun da aka rufe gasar karate ta ƙarshen fim ɗin da shi, bugun da masana karate ke cewa ado ne na fim fiye da dabarar fage. Wanda ya tsara faɗan baki ɗaya shi ne Pat E. Johnson, wanda ya koyi Tang Soo Do, salon faɗa na Koriya, lokacin da yake soja a can, ya yi aiki tare da Chuck Norris, ya kuma fito a Enter the Dragon na Bruce Lee a 1973. Shi ne alƙalin wasan da ake gani a gasar ƙarshe. Johnson ya raba 'yan wasan gida biyu: samarin Cobra Kai ya horar da su da tsawa da tsanani har suka zama ƙungiya mai ji da kanta, Macchio da Morita kuwa ya haɗa su su biyu cikin sassauci, suna shan wahalar atisaye tare, ta yadda shaƙuwar da ake gani tsakaninsu ta riga kyamara samuwa.

Macchio yana da shekara 22 lokacin da aka kammala ɗaukar fim ɗin a ƙarshen 1983, duk da cewa fuskarsa ta ɗan sakandare ce, kuma saboda asalinsa na Italiya aka sauya sunan yaron daga Webber zuwa LaRusso. Elisabeth Shue, wadda ta fito a matsayin Ali, budurwar Daniel, wannan ne fim ɗinta na farko a sinima, yayin da Martin Kove ya ɗauki matsayin Kreese. William Zabka, wanda ya fito a matsayin Johnny Lawrence, jagoran masu cin zalin, kokawa ya sani tun a makaranta, karate kuwa a hannun Johnson ya fara ta, ya ci gaba da ɗaukar darasi a wurinsa bayan an tashi daga aikin fim.

An yi ci gaban labarin a 1986 da 1989 da 1994, aka sake yin sa da Jackie Chan da Jaden Smith a birnin Beijing a 2010. Morita ya rasu a 2005, Weintraub a 2015, Avildsen a 2017, Demura da Johnson kuma duk a 2023. A 2018 Zabka da Macchio suka dawo a shirin Cobra Kai mai dogon zango, wanda ya fara a YouTube ya koma Netflix ya ƙare a 2025 bayan zango 6, kuma a wannan karon an ɗauko labarin ne daga ɓangaren Johnny, yaron da ya faɗa hannun mugun malami, wanda ya girma ya buɗe tasa makarantar.